Ɓoye Saƙo da Lissafi: Darasin da Ya Kamata Ya Shiga Azuzuwanmu na Zamfara

Duk malamin da ya taɓa tsayawa a gaban 'yan ajin ƙarshe na babbar sakandare, a Gusau ne ko a Tsafe ko a Bunguɗu, yana karantar da babin nan na lissafi da ake kira matiriks, watau jera lambobi cikin layuka na kwance da na tsaye sa'an nan a sarrafa su gaba ɗaya tamkar abu guda, ya san tambayar da take cikin zukatan yaran ko da ladabi ya hana su furta ta, ita ce ina amfanin wannan wahala. Yaro yakan haddace ƙa'idar ninka layi da ginshiƙi, ya haddace yadda ake fitar da ditaminan da yadda ake samo akasin matiriks, ya zuba su a takardar jarrabawar WAEC ko ta NECO, kana ya watsar da su a ƙofar ɗakin jarrabawa, domin ba a taɓa nuna masa wani aiki na zahiri da waɗannan ƙa'idoji suka yi a gaban idonsa ba. Haka lamarin yake ga lissafin saura, wanda ake koya masa tun a ajin farko na babbar sakandare, haka kuma yake ga manhajar Excel, wadda a darasin kwamfuta galibi ba a wuce jera sunayen ɗalibai da tara makinsu. Abubuwa uku ke nan da tsarin karatunmu ya warwatsa su cikin shekaru daban-daban a hannun malamai daban-daban, alhali kuwa akwai darasi guda, gajere, wanda ba ya bukatar a sayi komai, da yake tara su wuri ɗaya ya ba kowannensu ma'ana. Darasin shi ne ɓoye saƙo ta hanyar da wani malamin lissafi na Amurka mai suna Lester Hill ya shimfiɗa a 1929. Ni dai ra'ayina ya wajaba a karantar da shi, amma bisa sharuɗɗa biyu: a gina shi a kan haruffan Hausa, kuma kada a sallami ɗalibi sai an nuna masa yadda ake fasa shi.

Kafin a fahimci abin da Hill ya zo da shi, sai an san mas'alar da ya zo warwarewa, kuma wanda ya fara bayyana wannan mas'ala a rubuce malami ne daga cikin malaman Musulunci. Tsohuwar dabarar ɓoye wasiƙa, wadda ake jingina wani nau'inta ga Yuliyas Kaisar na Rum, ita ce a musanya kowane harafi da wani harafi, a tsaya a kan wannan musanya daga farkon wasiƙa har ƙarshenta. Mutane sun daɗe suna zaton hakan ya wadatar, har Abu Yusuf Ya'aƙub al-Kindi, wanda ya rayu a Bagadaza cikin ƙarni na 9, ya rubuta risalarsa a kan fitar da mu'amma, watau warware rubutun da aka ɓoye, inda ya nuna cewa kowane harshe yana da haruffan da suka fi yawan zuwa a cikinsa, kuma musanya ba ta taɓa wannan yawa, kamannin harafin kurum take sauyawa. A Larabci alifi da lam ne a kan gaba. Saboda haka duk alamar da ta fi yawa a cikin ɓoyayyiyar wasiƙa, mai nazari zai fara zarginta da zama alifi, ya bi ta biyu da ta uku, har magana ta buɗe. A Hausa abin ya fi haka sauƙi, domin harafin a ya yi wa sauran nisa ƙwarai, wanda duk ya ƙirga haruffan layi biyu na wannan shafi zai gani da kansa. Bayan al-Kindi, malamai irin su Ibn Adlan da Ibn al-Duraihim sun faɗaɗa fannin, al-Ƙalƙashandi kuma ya tattara shi cikin Subhul A'asha a farkon ƙarni na 15. Ita kuwa risalar al-Kindi a wani ɗakin ajiye littattafai na Istanbul aka same ta, aka buga ta a Dimashƙa a 1987, sa'an nan duniya ta tabbatar da wanda ya riga kowa.

Ba don alfahari na kawo waɗannan sunaye ba, sai don malami ya san cewa ɗalibin da ke gabansa bai zo hannu wofi ba. Yaron da ya yi makarantar allo a ƙasar nan ya ji ana ba haruffa ƙima ta lissafi, alifi ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, kuma da wannan hisabi ne marubuta waƙoƙin ajami suke ɓoye shekarar da suka kammala waƙa cikin kalma guda a baitin ƙarshe, abin da ake ce wa ramzi. Ya kuma ga hatimi, inda ake zuba lambobi cikin gidaje a jere. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, ya yi talifi a 1732 a kan ƙa'idojin gina irin waɗannan murabba'ai masu gidaje mara, kuma masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. 'Yandoto, da ke kusa da Tsafe, wadda Sarkin Tsafe yake ɗauke da sunanta a sarautarsa, tsohuwar cibiyar ilmi ce tun kafin jihadi. Sai dai a kiyaye, hatimi ba matiriks ba ne: shi ana neman jimillar kowane layinsa ta zo daidai ne, shi kuwa matiriks ninka shi ake yi da wasu lambobi don ya sauya su. Abin da suka haɗu a kai shi ne ido ya saba da lamba a cikin gida, zuciya kuma ta saba da cewa harafi yana iya zama adadi, kuma wannan sabo rabin darasi ne.

Shi Hill malami ne a Kwalejin Hunter da ke birnin New York, kuma ya buga maƙalarsa a mujallar American Mathematical Monthly a 1929, shekarar da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta ratsa ta Gusau, ta isa Ƙaura Namoda. Hikimarsa ita ce, tun da harafi guda yana tona asirin kansa ta hanyar yawan zuwansa, to kada a ɓoye haruffa ɗaya bayan ɗaya. A ɗauke su biyu-biyu ko uku-uku, a mai da su lambobi, a cuɗanya su da juna ta hanyar ninka su da matiriks wanda shi ne mabuɗi, yadda abin da kowane harafi zai zama ya rataya a kan maƙwabcinsa. Ya sake faɗaɗa bayanin a 1931, kuma shi da abokin aikinsa Louis Weisner sun yi rajistar wata na'ura mai haƙoran ƙarfe da take ɓoye haruffa shida a lokaci guda. Na'urar ba ta karɓu a kasuwa ba, amma tunanin ya zauna, domin da shi ne aljabara ta shiga ilmin ɓoye saƙo da ƙafarta.

Yanzu sai mu zo ga sharaɗi na farko, wanda a ganina shi ne inda malamin Hausa yake da abin da malamin Ingila ba shi da shi. Littattafan da ake kwafo wannan darasi daga cikinsu duk a kan haruffa 26 na Ingilishi suke gina shi, a ba a sifiri, b ɗaya, har z ta zama 25, kuma duk abin da aka lissafa a raba shi da 26 a riƙe saura. Wannan lissafin saura ba baƙo ba ne ga kowa: in yau Juma'a ce aka ce maka a dawo bayan kwana 10, ka zubar da bakwai ka riƙe uku, ka san Litinin ake nufi. To amma haruffa 26 ba su iya rubuta ƙasa, ba su iya rubuta ɗaki, ba su iya rubuta ɓera, kuma malamin da ya ce wa yara su rubuta kasa a maimakon ƙasa don kwamfuta ta ji daɗi, ya koya musu cewa harshensu ne yake da naƙasa. Abin da ya kamata shi ne a bar haruffan nan 26 yadda suke, saboda sunaye da kalmomin aro, a ƙara musu ɓ ta zama 26, ɗ ta zama 27, ƙ ta zama 28. Jimilla haruffa 29 ke nan. Kuma 29 lamba ce da ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya, alhali 26 tana rabuwa da 2 da 13, kuma wannan bambanci yana da babbar fa'ida da za ta bayyana nan gaba kaɗan. In an so a rubuta jimla cikakkiya, sai a ƙara hamza, wadda ake bukata a 'ya'ya da sa'a, a ƙara filin da ke tsakanin kalmomi, su zama 31, ita ma ba ta rabuwa.

Bari mu gwada da kalmar auduga, tun da Gusau ta daɗe da sanin cinikinta. Lambobinta su ne 0, 20, 3, 20, 6, 0. Mabuɗinmu gida huɗu ne: layin sama 3 da 2, layin ƙasa 5 da 7. Mu ɗauki tagwaye na farko, 0 da 20. Layin sama ya ce uku sau sifiri a haɗa da biyu sau ashirin, 40 ke nan, a fid da 29 saura 11, watau harafin l. Layin ƙasa ya ce biyar sau sifiri a haɗa da bakwai sau ashirin, 140 ke nan, a fid da 29 sau huɗu saura 24, watau y. Tagwaye na biyu, 3 da 20, suna ba da 49 da 155, waɗanda saurarsu 20 da 10, watau u da k. Na uku, 6 da 0, suna ba da 18 da 30, saura 18 da 1, watau s da b. Auduga ta zama lyuksb. A duba da kyau: harafin u ya zo sau biyu a asali, a wuri na farko ya fito y, a na biyu ya fito k, harafin a ma ya zo sau biyu, ya fito l sa'an nan ya fito b. Mai ƙirga haruffa irin ƙirgar al-Kindi ba zai sami abin kamawa a nan ba, kuma ranar da yaro ya ga haka da hannunsa ita ce ranar da zai gane dalilin da ya sa ake ninka layi da ginshiƙi ta wannan hanya da ya daɗe yana haddacewa.

To ina Excel ta shigo? Kalma guda ana iya yin ta da alli a kan allo, kuma lalle ne a fara da haka. Amma wasiƙa mai layi biyar tana da tagwaye fiye da ɗari, kuma yaron da aka sa shi ya yi su duka da hannu zai gaji, ya yi kuskure a na goma, ya tsani darasin. Manhajar jadawalin lissafi, wadda asalinta VisiCalc ce ta Dan Bricklin da Bob Frankston a 1979, Excel kuma ta biyo baya a 1985, tana da wata siffa da ta sa ta fi dacewa da koyarwa a kan rubuta shiri da harsunan kwamfuta: ba ta ɓoye komai. Kowace lamba tana zaune a gidanta ana ganinta, kowane mataki yana da nasa ginshiƙi, kuma in aka sauya lamba ɗaya a mabuɗi nan take duk shafin ya motsa, ɗalibi yana kallo. Yadda ake shimfiɗa shi ba wuya. A rubuta haruffan nan 29 a jere cikin gida guda, a rubuta saƙo a wani gida. Umarnin MID zai yanko haruffan saƙo ɗaya-ɗaya, umarnin FIND ya nemo matsayin kowanne a cikin jerin, a debe ɗaya don a fara daga sifiri. Umarnin MMULT ya ninka mabuɗi da tagwaye, umarnin MOD ya raba da 29 ya riƙe saura, sa'an nan MID ya sake mai da lambobin haruffa. Darussan da aka yi don Ingilishi sukan yi amfani da umarnin CODE a debe 65, amma wannan ba ya yi mana, don CODE yakan kasa gane haruffa masu lanƙwasa ya mai da su alamar tambaya. Haka nan hamza in ta zo a farkon gida Excel takan haɗiye ta, saboda a wurinta alama ce ta cewa abin da ke biye rubutu ne, don haka a sa ta a tsakiyar jerin. Wanda kuma yake aiki da tsohuwar Excel, irin wadda ta fi yawa a kwamfutocin makarantu, sai ya zaɓi gidajen amsa duka ya danna Ctrl da Shift da Enter tare, in ba haka ba MMULT lamba ɗaya kurum zai nuna masa.

Wurin da darasin ya fi daɗi, kuma wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe, shi ne buɗe saƙon. Hankali zai ba yaro cewa tun da ninkawa aka yi da mabuɗi, to sai a ninka da akasinsa, kuma Excel tana da umarnin MINVERSE da ke fitar da akasi. Sai ya danna, sai ga gutsattsarin lambobi sun cika masa gidaje, 0.636 da ire-irenta, alhali babu harafi na 0.636. A nan ne malami zai dakata, kada ya yi gaggawar ba da amsa, don wannan tuntuɓe shi ne ƙofar fahimta. Akasin da MINVERSE ke bayarwa rabawa yake yi da ditaminan, wanda a mabuɗinmu shi ne uku sau bakwai a debe biyu sau biyar, watau 11. A lissafin saura kuwa babu rabawa, sai dai a nemi lambar da in aka ninka ta da 11 aka raba da 29 saura zai zama ɗaya. Sai ɗalibi ya jera 1 zuwa 28 a ginshiƙi, ya ninka kowace da 11, ya sa MOD, ya bi da ido har ya ga inda ɗaya ta fito: a kan 8 ne, domin 88 ita ce 87 da ɗaya. Daga nan sai a musanya 3 da 7, a sa wa 2 da 5 alamar debewa, a ninka duka da 8, a sami 56 da −16 a sama, −40 da 24 a ƙasa, waɗanda bayan MOD suka zama 27 da 13, 18 da 24. Wannan shi ne mabuɗin buɗewa. A gwada shi a kan l da y, watau 11 da 24: layin sama ya ba da 609, wadda ita ce 29 sau 21 cif, saura sifiri, ga a ta dawo; layin ƙasa ya ba da 774, saura 20, ga u. In mabuɗi ya kai gida tara, ana iya ninka amsar MINVERSE da ta MDETERM don a kori gutsattsarin, amma dole a bi ta da ROUND, saboda kwamfuta takan ajiye 11 a matsayin 10.999999 da ɗoriya, kuma wannan ɗan gibi ya isa ya sa MOD ya ba da harafin da ba shi ba. Wannan ma ilmi ne, don yara da yawa suna zaton na'ura ba ta da iyaka a lissafi.

Fa'idar 29 da na yi alkawari ita ce wannan. A kan 26, lambobi 12 ne kacal suke da irin wannan akasi, watau lambobi mara in ban da 13; duk mabuɗin da ditaminan ɗinsa ya faɗa a wajen waɗannan, yana ɓoye saƙo amma ba ya buɗewa. A gwada mabuɗi mai 2 da 4 a sama, 1 da 5 a ƙasa, wanda ditaminan ɗinsa 6 ne, a kan haruffa 26. Kalmar na, watau 13 da 0, tana ba da 26 da 13, saura 0 da 13. Kalmar an, watau 0 da 13, tana ba da 52 da 65, saura 0 da 13. Kalmomi biyu sun koma abu guda, kuma wanda aka aika wa ba shi da hanyar sanin ko na biya aka rubuto masa ko an biya, alhali tsakaninsu akwai shari'a. A kan 29 kuwa kowace lamba daga 1 zuwa 28 tana da akasi, saboda haka kowane mabuɗi yana aiki matuƙar ditaminan ɗinsa bai rabu da 29 ba. Ina ganin ya kamata a nuna wa ɗalibai duka biyun, su ɗanɗani ƙuncin 26 kafin su ga yalwar 29, don ta haka ne za su gane darajar lambobin da ba sa rabuwa, waɗanda a kansu aka gina wani babban sashe na tsaron intanet na yau.

Akwai masu ƙorafi cewa sa wa yara na'ura a darasin lissafi yana kashe musu zuciya, kuma ƙorafin yana da tushe, don na'urar da ta yi wa mutum aikin da bai fahimta ba ta cuce shi. Maganinsa tartibi ne: tagwaye uku na farko da hannu, a kan takarda, kowa da kansa, ba a kunna kwamfuta sai amsar hannu ta fito, kuma aikin farko da za a ba Excel shi ne ta tabbatar da abin da hannu ya riga ya samo. Kada kuma malami ya kawo shafi shiryayye ya ce su zuba saƙo kawai. Su gina shi gida-gida. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne ina kwamfutocin, ina wutar. Gaskiya ne makarantu da yawa a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu ba su da ɗakin kwamfuta mai aiki, kuma rashin tsaro ya sha rufe makarantu a jihar nan. Amma wannan darasi yana daga cikin mafi ƙarancin bukata. Kwamfutar tafi-da-gidanka guda mai caji ta ishi aji in an raba su rukuni-rukuni. Manhajar LibreOffice kyauta ce kuma tana da waɗannan umarni duka da sunayensu. Babu bukatar intanet ko kaɗan, kuma mutanen Zamfara sun san ƙimar wannan fiye da kowa, tun da a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar har tsawon makonni. Ga shi kuma tun 2015 JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta, don haka kowace sa'a da yaro ya yi hannunsa a kan madannai riba ce gare shi.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ba na yarda a yi sassauci a kansa. Yaron da ya ga auduga ta zama lyuksb zai fita yana zaton ya mallaki sirri, zai iya ɓoye lambar asusunsa da shi, gobe in ya zama ma'aikaci ya ɓoye bayanan mutane da shi, alhali hanyar Hill ba ta tsare komai a yau, kuma malamin da ya koyar da ɓoyewa ya yi shiru a kan fasawa ya ci amanar ɗalibinsa. Illarta a jikin ƙarfinta take: komai nata ninkawa ne da tarawa, kuma abin da aka ɗaure da ninkawa da tarawa ana kwance shi da lissafin da ɗan aji biyu na babbar sakandare ya sani. A ɗauka maƙiyi ya san haruffa huɗu na farko kawai, ya san audu ce ta zama lyuk. Daga tagwaye na farko zai tambayi kansa wace lamba ce in an ninka ta da 20 saura 11, ya sami 2; wace ce saura 24, ya sami 7. Daga na biyu sai ya cike sauran, ya sami 3 da 5. Mabuɗi ya fito duka, sauran wasiƙar kuma ta zama tasa. In aka ce ta yaya zai san haruffan farko, sai in ce ai wasiƙunmu kusan duka da sallama suke farawa, sai kuma bayan gaisuwa mai yawa. An ruwaito cewa al-Khalil ibn Ahmad, mai Kitabul Aini, da irin wannan zato ya warware wata wasiƙa ta Rumawa, da ya ƙaddara cewa da sunan Allah aka buɗe ta. Ko da ma ba a san komai ba, mabuɗai masu gida huɗu da suke aiki a kan haruffa 29 guda 682,080 ne, shafi ɗaya na Excel kuwa yana da layuka 1,048,576, watau ana iya ba kowane mabuɗi layinsa a gwada su duka a shafi guda, har a bar fili.

Wannan rauni ba ya rage wa darasin daraja, bal ma shi ne yake haɗa shi da zamani. Claude Shannon ya bayyana a 1949 cewa ɓoyewa mai ƙarfi tana bukatar abubuwa biyu, watsa tasirin kowane harafi a cikin sauran, da kuma rikita alaƙar da ke tsakanin mabuɗi da abin da ya fito. Hill ya kawo na farko, bai kawo na biyu ba. Tsarin AES, wanda Joan Daemen da Vincent Rijmen na ƙasar Beljiyam suka ƙirƙira, Amurka kuma ta ɗauke shi a matsayin ma'auni a 2001, wanda da shi ake tsare saƙonnin WhatsApp da yawancin harkokin banki ta waya, yana jera bayani cikin gidaje 16, huɗu a kwance huɗu a tsaye, yana ninka kowane ginshiƙi da wani matiriks kamar yadda Hill ya yi, amma yana gwama wannan da wata musanya da ba ta bin ƙa'idar ninkawa da tarawa, yana kuma maimaita zagayen sau 10 ko 12 ko 14 gwargwadon tsawon mabuɗi. Ɗalibin da ya ɓoye auduga da hannunsa ya kuma fasa ta da hannunsa, in ya isa jami'a aka buɗe masa AES, zai gane ɗaya daga cikin matakanta da gani, zai kuma san dalilin da ya sa aka ƙara sauran.

Waɗanda za su ɗauki wannan nauyi suna nan kusa. Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, wadda mata take horarwa, da Kwalejin Ilmi ta Maru, su ne suke yaye malaman da za su tsaya a gaban waɗannan azuzuwa, kuma malama guda da ta gina shafin nan da hannunta kafin ta fita za ta kai shi ga ɗaruruwan yara. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, take kuma zaune a Sabon Gida cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, ɗalibanta na lissafi da na kwamfuta suna iya ɗaukarsa su wuce da shi zuwa mabuɗi mai gida tara da mai gida goma sha shida. Ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe kuwa, waɗanda gobe za a damƙa musu takardun marasa lafiya, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kansu, su ne suka fi bukatar rabi na biyu na darasin, don su san cewa ba duk abin da ido ya kasa karantawa ne ya tsaru ba.

Zama uku sun isa a kammala wannan darasi. A na farko a yi haruffa da lambobi da ɓoyewa da hannu, a na biyu a gina shafin a kuma nemo mabuɗin buɗewa. A na uku sai a raba aji gida biyu, kowane ɓangare ya zaɓi mabuɗinsa a asirce, ya ɓoye wasiƙa ta layi biyu da Hausa wadda ta fara da sallama, a musanya takardu, a ba su minti 30, kuma makin ranar na wanda ya karanto wasiƙar ɗaya ɓangaren ne da ƙarfi a gaban aji, ya kuma rubuta mabuɗinsu a kan allo.